Babur Don Ƙetare Maƙogwaro

Nuvuk, 11 ga Fabrairu, 1974

Zuwa ga Innata, Jusipi, a Montreal.

Inna, ina gaishe ka da kyau, kai da matarka da yaran da ban taɓa gani ba. Yaya ƙirjin naka? Tun da jirgin asibiti ya ɗauke ka kana yaro kana tari, ni da tari nake tuna ka, ko da yake an ce yanzu har tumbi ka yi. Ni lafiya lau, sai ido. Na hagu ya rufe, na dama hayaƙi-hayaƙi.

Maata ce ke rubuta mini, mai yi wa nas tafinta. Ga ta nan tana dariya, wai ina ce wa ƙato mai gemu Inna. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. Ɗan ƙanena ne kai, na sani, amma sunan uwata aka sa maka, Ulayu, kwana uku da rasuwarta. Tun ranar ban taɓa kiran ka da wani suna ba, ba kuma da tsufana zan fara ba.

Maganar Maigida ce ta sa na aiko. Putulik nake nufi, jikana mai sunan mijina. Shi kaɗai ya rage mini, shi ke kawo nama gidan nan. Karnukanmu sun ƙare a ciwon bara. Tun daga nan a bayan babur ɗin mutane, irin mai zamewa a kan ƙanƙara, yake lafewa in za a tafi farauta, kamar kaya. Yanzu ya samo wata takardar talla, ya manna ta a bango saitin gadonsa. Babura uku ne a jiki, in ji Maata, ja da baƙi da kore. Jan yake so. Ya fi kallon jan nan a kan yadda yake kallon 'yan mata.

Inna, ka san Maƙogwaro, inda teku ke matsewa tsakanin duwatsu biyu, ruwa na gudu a ƙasa yana cin ƙanƙara ba a gani. Duk mai zuwa wajen barewa ta nan yake bi. A nan mijina ya shiga bai fito ba. Ranar karnukansa sun ƙi gaba, suka kwanta, ya sa bulala ya tashe su. Shi karnuka sun gaya masa ya ƙi ji. To wannan abin na ƙarfe, wa zai gaya wa? Kuma ba sunan kawai yaron nan ya ɗauko ba, har taurin kan.

Na ba nas gwangwanin shayina, za ta kawo maka gareji in ta zo hutu. Kuɗin ɗinkina ne a ciki, da na sassaƙar dutsen da Putulik ya sayar. Kai ke buɗe cikin abubuwan nan kullum. Ka duba mini ukun, ka gaya mini gaskiya, ba gaskiyar mai kanti ba. Putulik na ta cewa jan yana da ƙarfin doki arba'in. Ni ban taɓa ganin doki ba. Ka gaya mini da karnuka.

Ba mai sauri nake nema ba. Mai dawowa gida nake nema.

'Yarka, Akinisi.

*

Montreal, 20 ga Maris, 1974

'Yata Akinisi,

Na samu wasiƙarki da gwangwanin, har warin gida a jikinsa. Ƙirjina lau, tumbin ma yana gaishe ki. Ki riƙa zuwa wurin nas saboda idon nan, umarnin uwa ne.

Na tambayi mai garejinmu doki ɗaya karnuka nawa ne, ya yi dariya har sigari ya faɗi daga bakinsa. To ga yadda na ji su a hannuna, don duka ukun na hau.

Jan shi ne sarki, wannan babu musu. Ba kare ba ne ma, farin beyar ne aka ɗaura wa igiya. Zai ja kamutik, amalanken ƙanƙara, cike da nama ya hau tudu bai san yana jan komai ba. Tafiyar da kuke yi wuni biyu da karnuka, shi kafin shayi ya huce ya yi rabi. Dala dubu ɗaya da ɗari bakwai ne, wato duk abin da ke cikin gwangwanin.

Baƙin kamar karnuka goma sha huɗu ne. Dubu ɗaya da ɗari biyu. Yana da daɗin zama, amma sabon fitowa ne, kayan gyaransa ko mu nan sai mun jira.

Koren karnuka bakwai ne masu ƙoshi, ba su da hanzari, ba sa gajiya. Ɗari takwas.

Juya zuwa takarda ta biyu, nan maganar take.

'Yata, mai kanti ƙarfi da farashi zai gaya miki, ba zai gaya miki nauyi ba. Koren nauyin natsik biyu ne, dabbar tekun nan da kuke farauta. In ya nutse a dusar ƙanƙara mai ruwa, mutum ɗaya zai kama gindinsa ya ɗaga. Jan ya kusa natsik huɗu, in ya kafe sai maza uku, kuma ban san inda Putulik zai samo maza uku a bayan Maƙogwaro ba. Koren injinsa ɗaya, fulogi ɗaya, da wuƙa da filaya za a kwance shi a ɗaura. Jan ni kaina sai na kunna fitilar gareji nake taɓa shi. Ga shan mai, abin da jan zai sha a wuni, koren zai yi kwana uku da shi. In an sayi jan kuma, ko jarkar fetur ba za ta rage a gwangwanin ba. Babur ba mai dutse ne mai fenti.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Samari za su ce in ƙanƙara ta yi sirara, gudu ke ƙetarar da mutum kafin ta fashe. Gaskiya ne, na gani da idona. Muddin injin bai yi tari ba. In ya yi tari sau ɗaya a tsakiya, shi ke nan. Koren ba shi da wannan gudun, mai shi dole ya sauka ya duba da ƙafa.

Da ɗana ne, koren zan saya masa. Amma kuɗinku ne. Ana loda jirgin ruwa a farkon Yuli, ki ba ni amsa kafin nan, in ba haka ba sai baɗi. Ki ce wa Putulik surukarsa na gaishe shi, tunda sunan mijin 'yata ne da shi.

Innarki mai gemu, Jusipi.

*

Nuvuk, 29 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga ɗan ƙanena Jusipi.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake. Na samu wasiƙarka kuma na fahimci bayaninka sarai. Na yi nazari na yanke shawara a sayi jan. Ƙarfinsa zai taimaka wajen kawo nama da yawa. Maganar fetur kada ta dame ka, Putulik zai nema. Ba sai ka sake rubuto amsa ba, ka saka shi a jirgi kawai.

Ni ce gwaggonka, Akinisi.

*

Nuvuk, 26 ga Mayu, 1974

Inna,

Gaisuwa. Ban san ranar da wannan za ta same ka ba. Filin da jirgin sama ke sauka ya zama ruwa-ruwa, an ce sai teku ta buɗe a Yuli zai dawo. Amma in ban faɗa ba cikina zai fashe. Lafiyata ba daɗi, abinci ba ya wuce mini.

Maata ta tafi haihuwa kudu. Simiuni mai wa'azin coci ke rubuta mini. A hankali yake yi, yana kuma so ya sa aya a kowane layi, na ce ya bari sai Lahadi.

Da wasiƙarka ta zo, Maata ba ta nan, sai na ba Maigida ya karanta mini. Ya karanta cewa jan sarki ne, farin beyar ne, ya faɗi kuɗin kowanne, sai ya ce ka gaishe mu, shi ke nan. Na ce masa takarda biyu na ji a hannuna. Ya ce ɗayar talla ce. Na kwana biyu ina jin haushinka, ina cewa ashe Inna ma ya zama mai kanti.

Shekaranjiya ina gyara masa rigar sanyi, hannuna ya taɓa takarda a aljihun ciki, an ninke ta ƙanana. Na kawo wa Simiuni. Ya karanta mini sau biyu, maganar nauyi, da maganar tari a tsakiyar ƙanƙara. A kan akwatin littattafan waƙa na zauna.

Na jira Putulik ya ci ya ƙoshi, sannan na ajiye takardar a gabansa. Bai yi musu ba. Ya ce shi zai hau ba ni ba, kuma har da kuɗinsa a ciki, kuma ya gaji da zama kaya a bayan mutane. Ya ce kowa a garin nan ya san gudu ke ƙetare Maƙogwaro. Sai ya kau da kai ya ce, “Ai an gama, Matata. Na rubuta masa da sunanki, ta tafi a jirgin ƙarshe.”

Inna, da sunana. Ni da ko alama ban iya zanawa ba, an sa bakina na sayo abin da zai kai shi inda kakansa yake.

Na je wurin baturen kanti mai rediyo, na roƙe shi ya kira Montreal. Ya ce rediyo na rashin lafiya ne da gobara. Na ce rashin lafiya ne. Ya ce wa ke ciwo. Na ce bai kwanta ba tukuna, sai Disamba. Ya ba ni alewa ya raka ni ƙofa.

In wannan ta riga jirgin ruwa, kada ka sa jan. Ba ni ce na ce ba. In kuma ta makara, to ka gaya mini abin da mutum zai zuba a cikinsa ya mutu ba a gane ba. Simiuni ya ce ba zai rubuta wannan ba. Na ce ya rubuta, zunubin nawa ne.

'Yarka, Akinisi.

*

Montreal, 18 ga Yuli, 1974

'Yata,

Muna lafiya. Ki ci abinci tukuna, sannan a ƙarasa karanta miki.

Wasiƙarki ta Mayu jiya ta iso, jirgin ruwa kuwa yau kwanansa tara a hanya. Kada ki zuba komai a cikin komai. Koren ne a akwatin.

Waccan wasiƙar da ta ce a sayi jan ta zo mini tun Mayu. Layin farko na karanta na ajiye. Wai “ɗan ƙanena Jusipi”. Shekara talatin da shida ina duniya, ko ranar da na fasa miki fitila kika bi ni da sanda, Inna kike kira kina zagi. Sannan wai kin yi nazari kin yanke shawara, babu maganar ido, babu tambayar tarina. Matata ta ce ƙila mai rubutun ne ya gyara miki magana. Na ce wanda zai gyara wa Akinisi magana ba a haife shi ba.

Duk da haka na yi makonni ina juyayi. Na je kantin sau uku. In ke ce fa, kin gaji da rigimarsa kin sakar masa? Ranar ƙarshe na tsaya tsakanin baburan biyu har mai kanti ya fara duba agogo. Sai na tuna abin da kika ce, mai dawowa gida.

Ragowar kuɗin na sayi duro huɗu na fetur, fulogi shida, da bel na ajiya. Bel ɗin nan kada ya fita ko'ina babu shi.

Abu ɗaya. Babur na aiko, ba laya ba. Koren yana da nawa, ba ya gudu. In guguwa ta taso, mai jan zai riga shi isa gida. Kowanne da inda yake kashe mutum, na zaɓi wanda nake gani ya fi ba shi lokacin tunani.

Ki ce wa Putulik, in zai yi wa surukarsa ƙarya, ya fara koyon gaishe ta.

Innarki, Jusipi.

*

Nuvuk, 9 ga Satumba, 1974

Inna,

Ina gaishe ku. Maata ta dawo da 'ya mace, tana rubutu da hannu ɗaya tana jijjiga da ɗaya. Ni da sauƙi, ina cin abinci, amma ni kaɗai.

Wasiƙarka ta riga jirgin da kwana biyar. Ban gaya wa Maigida ba, tsoro ya hana ni. Laifina ne wannan.

Ranar da jirgin ya zo duk gari na bakin ruwa. Shi kuma tun bazara yake gaya wa kowa jan na zuwa. Da kansa ya sa ƙarfe ya ɓalle akwatin, abokansa sun kewaye shi. Ni ba na gani, shirun na ji. Sai Adami, wanda yake da babban babur, ya ce, “Kai, ashe keken ɗinki aka aiko wa tsohuwa.” Dariyar da aka yi, har ma'aikatan jirgi. Sunan ya bi shi, yara ma keken ɗinki suke cewa.

A gida na sa Maata ta karanta masa wasiƙarka. Da aka zo wajen gaishe da suruka, na ɗauka zai yi dariya. Ya tashi ya cire hoton daga bango, ya naɗe shimfiɗarsa, ya koma gidan su Adami.

Nama yana kawowa. Sai in ji motsi a ƙofa, in na lallaɓa na buɗe, ga hanta da haƙarƙari a ƙasa, babu mutum. Na yi masa sababbin takalman fata, na tauna fatar har haƙorina ɗaya ya fita, saura biyu. Na aika masa, ya karɓa, bai aiko da magana ba.

Na ɗaura igiyar fatar kakansa a jikin kamutik ɗinsa ba da saninsa ba. Ba ta hana wancan tafiya ba, amma ita ce abin da nake da shi.

Na yi ta cewa gara ya yi fushi yana raye. Haka nake faɗa wa mata. Amma Inna, ɗakin nan ya yi girma.

'Yarka.

*

Nuvuk, 12 ga Disamba, 1974

Inna,

Ban san ko kuna lafiya ba, Allah ya sa. Maata, rubuta da sauri.

Yau kwana shida ba Maigida.

Su uku suka tafi farautar barewa bayan Maƙogwaro, shi da Adami da ƙanen Adami. Sun samu nama. A hanyar dawowa sama ta ɓaci. Su biyun suka ƙara mai, suka ƙetare a guje, suka iso gida guguwa na bin bayansu. Shi suka bar shi baya. Adami ya zo ya tsaya a ƙofata, ya ce sun ɗauka yana biye, sun yi ta waiwaye, fitilarsa tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Ya ce, “Kaka, keken nan ba ya gudu.” Bai ce keken ɗinki ba wannan karon. Gara ma da ya ce.

Guguwa ta yi kwana uku. Da ta lafa maza suka je. Sun ce Maƙogwaro ya buɗe, baƙin ruwa ne daga dutse zuwa dutse yana tururi. Ba sawu, iska ta share komai. Ba hanyar ƙetarawa su duba can.

Jiya na je gidan su Adami in shinshina shimfiɗarsa. Hannuna ya taɓa wani abu a ƙarƙashi, zagayayye, na roba. Bel ɗin ne, Inna. Na ajiyar. Ko takardar jikinsa bai cire ba. Ga shi nan a cinyata yanzu.

Kai ka ce in guguwa ta taso mai jan zai riga shi gida. Ka faɗa, an karanta mini, na ji, na yi shiru don abin da nake so na samu. Da jan ne da yanzu yana nan yana fushi da ni. Ni na zaɓa. Shekara ashirin da uku ina tsoron wurin nan, sai ga shi da hannuna na ba shi abin da ba zai iya tsere masa ba.

Kai ma me ya sa ka ji maganata? Tsohuwa ce ni, makauniya, ban san inji ba. Kai uwa ce, ya kamata ka fi ni hankali. Maata ta ce kada in faɗi haka. Bar shi a ciki.

Simiuni ya zo da littafinsa, na ce ya koma, ba a yi wa mai rai wannan karatun. Mata suna shigowa suna zama. Wata ta fara tambayar Maata ko akwai mai ciki a gari, don a sa wa jariri sunansa. Na ji ta. Na ce sunan yana da mai shi, ta fita mini.

Jirgi gobe zai zo in sama ta yarda. Ka yi addu'a irin ta can, ko ta fi tamu saurin isa.

Akinisi.

*

Nuvuk, 19 ga Disamba, 1974

Inna,

Gaisuwa. Ka ajiye waccan wasiƙar, kada ka nuna wa matarka, na faɗi abin da bai kamata ba. Ya dawo. Kwana takwas. Yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi, nas ta ce ɗaya zai tafi, ɗaya ana gani. Yana kwance a gadonsa na da. Kuma shi ke rubuta wannan, don hannunsa lau ne, kuma na ce tunda ya iya rubutu da sunana, ya yi ina ji. Maata na zaune a gefe tana duba kowane layi.

Ga yadda aka yi. Da ya iso Maƙogwaro su Adami sun wuce, ga sawunsu. Ya ce da yana da gudu da bai ko tsaya ba. Amma ya san keken ba zai tashi sama ba, ga nama a baya. Sai ya sauka ya ɗauki mashi ya shiga gaba da ƙafa yana soka, yadda tsofaffi ke yi. Taku ashirin, mashin ya wuce a suka ɗaya, ruwa ya biyo. A kan sawun su Adami, Inna. Wucewarsu ce ta tsattsage ta. Ya ja da baya da rarrafe.

Ya gina ɗakin ƙanƙara ya zauna har guguwa ta wuce. Sannan ya zagaya ta tudu, hanyar da tun zamanin karnuka ba a bi. A wani rafi babur ya nutse har wurin zama, ya sa kafaɗa ya ɗaga shi shi kaɗai, a nan ƙafar ta jiƙe. Bel kuwa, da na kwana rungume da na ajiyarsa, na jikin injin ko gezau bai yi ba. Igiyar da ake ja a tayar da inji ce ta tsinke. Ya kwance murfin da wuƙa, ya yanki igiyar kakansa ya naɗa. Ya iso da ɗan mai a ƙasan tanki, da barewa biyu a kamutik. Ni sautin na fara ji, tik-tik-tik daga wajen tudu, kamar ana ɗinki. Maata ta ce na fita ba takalmi.

(Suruka, ni ne Putulik. Ina gaishe ki, ga shi na koya. Amma a faɗi gaskiya, da jan ne da tare da su Adami na ƙetare, da yatsuna goma.)

Na ji alƙalamin ya yi tsawo, Maata ta gaya mini abin da ya sa. To a rubuta wannan ma. Adami ya zo jiya, sai da na matsa masa ya faɗa, ashe a tsakiya ƙanƙarar ta karye a bayan ƙanensa, sai da ya yanke igiya ya bar kamutik da nama suka nutse. Su biyu ta ɗauka da ƙyar. Shi ne zai zama na uku.

(Ko kuma na farko, da ina da gudu.)

Ka ji shi ko? Yatsa a hannun nas, baki na nan. Haka kakansa yake, har ranar da ya tafi. Ni ban ce na yi daidai ba, Inna. Kwana takwas ɗin nan sun cire mini wannan. Na dai san ya sauka ya taka da ƙafarsa ya tambayi ƙanƙara, abin da kakansa bai yi ba. Abin da ya sa shi sauka, shi ne abin da na saya.

Yana so ka aiko da igiyar tayarwa guda biyu. Ya hana yara ce masa keken ɗinki, wai shi kaɗai ke da izinin faɗa. Amma ya ce zai yi ta sassaƙa yana kwance, baɗi ko baɗin baɗaɗa sai ya sayi jan da kuɗinsa.

To ga abin da nake so ka riƙe. Yanzu ya san inda ya yi kuskure. In ya sake, Inna zai rubuta a sama, har da tambayar tarinka. Saboda haka kada ka ƙara yarda da gaisuwa. In an gama wannan za a miƙo mini in ciji gefenta. Haƙora biyu suka rage mini, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ba sa haɗuwa. Duk takardar da ta zo maka da sunana babu wannan cizon, ka sa ta a murhu.

'Yarka, Akinisi.

(Ta ciza. Har da babban yatsana.)